Jawabin Bikin Yaye Masu Koyon Ginin Tukwane a Birnin Gwari: Rayuwa da Aikin Ladi Kwali



An haifi Ladi Kwali a wajajen 1925 a ƙauyen Kwali, wanda yanzu yake cikin yankin Babban Birnin Tarayya, a cikin al'ummar Gbagyi, wato Gwarawa. A can ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma a gida ta koye shi tun tana yarinya, a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Ba a aiki da inji. Maginiya kan murza yumɓu ya yi tsawo, ta ɗora shi zagaye bisa zagaye, tukunya na zaune ita ke kewaya ta, tana ja tana lailayawa har baki ya haɗu. Idan jikin ya ɗan sha iska sai a yi zane, kuma a nan Ladi ta yi zarra: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi da tsuntsu, kowanne a gurbinsa tsakanin layuka. Daga nan a tara tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a gasa.

Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau yana cikin waɗanda suka fara sanin darajar hannunta, har ya tara tukwanenta a gidansa. Abujar wancan zamani ita ce Suleja ta yau. A gidan sarkin ne Baturen Ingila Michael Cardew ya ga aikinta a 1950, kafin ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin. Ladi ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafen ƙyalli irin na tangaran, da gashi a rufaffen tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200.

Duk da haka manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su, yadda aka koya mata a Kwali, sai dai yumɓun da gashin sun canza. Wannan canji ya zo da riba, ya zo da asara. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsattsafa, iska ta busar da danshin ta tafi da zafi. Wadda aka shafe aka gasa a tanderu ta yi ƙarfi, ta yi nauyi, ba ta tsattsafa, don haka ba ta sanyaya ruwa. Ta bar ɗakin matar gida ta koma abin kallo da ake jerawa kusa da aikin manyan masu sassaƙa. Ya kamata mai koyo ya san bambancin nan, domin mai sayen randa a kasuwa ruwan sanyi yake nema, mai sayen ta ado kuma siffa da zane.

An baje kolin aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta kuma zagaya Amurka a 1972 tana gini a gaban jama'a. Ingila ta ba ta lambar MBE a 1963. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, alhali ba ta yi karatun boko ba.   Lambobin ƙasa sun biyo baya ga Ladi a 1980 da 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, kuma hotonta tana gini shi ne a bayan takardar naira 20.

Sana'ar nan ba ta rabuwa da daji. Yumɓu daga fadama da bakin rafi yake fitowa, itacen gashi da ciyawa daga dawa. A shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku na nan ƙasar Birnin Gwari da kewayensa, masu sana'ar hannu sun sha wuya tare da manoma da makiyaya, ga kuma masu gawayi suna cinye manyan itatuwa. Sulhun da aka yi da 'yan bindigar a ƙarshen 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, ya ba da damar komawa aiki, kuma damar tana bukatar a riƙe ta da kyau.

Saboda haka ana roƙon masarautar Birnin Gwari da ƙaramar hukuma su ware wa ɗaliban da ake yayewa wurin ɗibar yumɓu, da tanderu na haɗin gwiwa mai cin itace kaɗan, da filin dashen itatuwa, da rumfa a kasuwa. Su kuma ɗaliban su nemi tsofaffin maginan ƙauyukansu, su zauna a gabansu, su koyi ginin hannu da zanensa tun suna raye.