Mai Tsara Fuskar Manhaja: Mene Ne Aikinsa, Ta Ina Ake Koyonsa?

Na san akwai iyayen da ke ganin aikinmu latse-latsen waya ne kawai. Mahaifiyata ma ta daɗe tana gaya wa maƙwabta cewa gyaran kwamfuta nake yi.

Bari in fara da abin da kowa ya sani. A watan Oktoba na 1922 ba a san waya ba a kasuwanninmu, amma a watan Oktoba na 2022, sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, waya ta zama aljihun kowa. Daga Janairu zuwa Maris na 2023 kuɗi suka ɓace a hannun jama'a. Mai hatsi a Tudun Hatsi, mai nama a Babbar Kasuwa, ɗan acaɓa a Jekadafari, dole kowa ya koma transfa ko layin masu POS. A lokacin ne wani kawuna ya tashi biyan kuɗin dako naira dubu biyar, sai ya tura dubu hamsin. Da na karɓi wayar na duba, sai na ga laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Sifirin duk a manne suke, babu waƙafi tsakaninsu, rubutun ƙanana, ga rana ta dallare gilashin. Wayar kuma ba ta tsaya ta ce masa "dubu hamsin za ka tura wa wane, ka yarda?" ba. An yi sa'a mai dakon mutumin kirki ne, ya mayar.

To jama'a, wani mutum ne ya zauna ya yanke shawarar girman rubutun nan, da inda maɓalli zai zauna, da launinsa, da tambayar da za a yi maka kafin kuɗinka su fita. Shi ake kira mai tsara fuskar manhaja, watau duk abin da idonka ke gani, yatsanka ke taɓawa a waya ko kwamfuta ko na'urar cirar kuɗi. Injiniya yana haɗa abin da ke ciki, kamar magini da tubali. Shi kuwa mai tsarin shi ke cewa ga inda ƙofa za ta kalla domin baƙo ya shiga ba tare da ya yi tambaya ba.

Sana'ar ba tsohuwa ba ce. A da sai ka haddace umarni ka buga da Turanci kafin kwamfuta ta motsa. A 1984 kamfanin Apple na Amurka ya fito da Macintosh mai ƙananan hotuna da ake dannawa, wata mata mai suna Susan Kare ce ta zana da yawa daga cikinsu, har da kwandon shara. Amma ku lura, hotunan nan daga ofishin Bature aka aro su: fayil, ambulan, kwandon takardu. Tsohuwar da ke sayar da daddawa a Bolari me ya haɗa ta da fayil? Ku kwatanta da takardar naira dubu, wadda aka rubuta ƙimarta da lamba, da Turanci, da ajami. Wanda ya yi makarantar allo kaɗai ma zai karanta. A ganina wanda ya tsara wannan ya fi masu manhajoji da yawa sanin mutanensa.

Wace ƙwarewa ake bukata? Mutane sukan zaci iya zane ne. Yana da amfani, amma ba shi ne kan gaba ba. Na farko shi ne haƙurin kallon mutum yana fama da waya ba tare da ka fizge ka ce "kawo in yi maka" ba. Wannan ya fi komai wuya, musamman gare mu matasa. Za ka zana shafukan a takarda, ka kai wa mutum, ka ce "tura wa ɗanka dubu biyu", sa'an nan ka ja bakinka ka yi shiru. Inda ya tsaya yana sosa kai, nan aikinka ya gaza. Wani masani a wannan fanni, Jakob Nielsen, ya rubuta a 2000 cewa gwaji da mutum biyar kacal yakan tona mafi yawan matsalolin da ke cikin tsari. Mutum biyar kuwa ai a rumfa ɗaya za ka same su.

Sai kuma harshe. Kalmar da ke kan maɓalli gajeriya ce, amma sai an yi gumi. Za a rubuta "soke" ko "fasa"? "Aika" ko "tura"? Kuma lalle ne a tabbata rubutun yana da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, don kada "ƙasa" ta koma "kasa". Garinmu kuwa ba mu kaɗai ba ne, akwai masu Fulfulde da Tera da Tangale da Bolanci, saboda haka wani lokaci hoto ko murya sun fi rubutu isar da saƙo. Dubi yadda iyayenmu suka rungumi saƙon murya a WhatsApp. Bayan wannan akwai sanin launi da tazara, da tunawa cewa yawancin mutanenmu ƙaramar waya suke riƙewa, data tana tsada, sabis yana ɗaukewa. Abin da ya yi kyau a babbar kwamfutar ofis a Legas yana iya ƙin buɗewa a Kumo.

Dangane da koyo, Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 da Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011 duk suna koyar da ilmin kwamfuta, kuma tushe ne mai kyau. Sai dai mai ɗaukar aiki a wannan fanni abin da ya fi tambaya shi ne: nuna mini abin da ka tsara, ka faɗa mini dalilin da ya sa ka yi shi haka. Akwai manhajar zane mai suna Figma da yawancinmu ke aiki da ita, ana iya fara koyonta kyauta. Google ya fito da kwas na wannan fanni ta intanet a 2021. A ƙarshen 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, tsara manhaja na cikin darussansa.

Kada in yaudare ku, ba a wata guda ake ƙwarewa ba, kuma masu neman aikin sun yi yawa. Ana bukatar kwamfuta, da wuta, da Turancin da za ka iya kare ra'ayinka a gaban injiniyoyi. Duk wanda ya ce ku biya kuɗi mako biyu ɗanku zai fara karɓar dala, ku riƙe kuɗinku.

Amma yaron da ya tashi a shagon ubansa, ya san yadda ake karanta fuskar mai ciniki, yana da abin da ɗan Amurka ba zai samu a littafi ba. Haka ma 'yan matanmu, domin su ne za su shiga cikin gida su zauna da matan aure masu sana'a su ga inda waya ke ba su wahala, inda ni ba ni da ikon shiga.

Na ga shugaba yana duban agogo. Roƙona ga iyayenmu 'yan kasuwa shi ne, in yaro ya zo rumfarku da zane a takarda ya ce ku gwada masa, ku ba shi minti goma, kuma ku faɗa masa gaskiya in ba ku gane ba. Masu son ganin yadda ake zanen, na zo da kwamfutata, sai mu haɗu a bayan zaure in an tashi.