Hayaƙin Taba Da Iyakar Ikon Hukuma

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin ƙasar Gumel



Wata ranar Alhamis na shiga mota daga Gumel zuwa kasuwar Maigatari. Ba mu yi nisa ba sai wani magidanci ya kunna sigari, ga mace da goyo a gefensa. Yaron mota ya ce, "Haba Alhaji, a tausaya wa jaririn nan." Shi kuwa ya amsa da cewa kuɗinsa ne, ƙirjinsa ne, ba ruwan kowa. Rabin maganarsa gaskiya ce, rabi kuwa kuskure. Kuɗin nasa ne, amma iskar da ke cikin motar ta mu duka ce. A kan wannan rabe-raben nake so mu yi nazari a yau: ina ne ikon mutum a kan kansa ya ƙare, ina ne kuma na hukuma ya fara?

Gardamar ba sabuwa ba ce. A 1607 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa yana ganin halaccin taba, wasu malamai kuma suka saɓa masa. A 1633 Sarkin Daular Usmaniyya, Murad na Huɗu, ya haramta ta a Istambul, har ana kashe wanda aka kama. Sarkin ya rasu a 1640, taba kuwa ta ci gaba da hayaƙi. Takobi ya kasa abin da wa'azi kan iya, domin mun san yadda almajiran ɗariƙar Tijjaniyya da yawa suke ƙaurace wa taba ba tare da ɗan sanda ya tsaya a kansu ba.

Abin da magabata ba su sani ba, likitoci sun tabbatar da shi yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutane fiye da miliyan 7 a kowace shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba mashaya ba ne, hayaƙin wasu suka shaƙa. Saboda haka gwamnatin Janar Babangida ta kafa doka mai lamba 20 a 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya. A 2015 Shugaba Jonathan ya sa hannu a wata sabuwar doka wadda ta hana shan taba a makarantu da asibitoci da motocin haya, da tarar Naira 50,000 ko ɗaurin wata 6. Ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da ita kara-kara sai dai kwali sukutum.

A nan ina bayan hukuma ba tare da wata inda-inda ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa cuta kawar da ita ake yi. Jaririn cikin motar nan bai zaɓi hayaƙi ba, kuma ba shi da bakin ƙorafi. Idan doka ta tsaya masa, ba ta zalunci kowa ba.

To amma akwai masu cewa a wuce nan, a haramta taba ɗungurungum, a kama duk wanda aka gani da ita ko da a zauren gidansa. Su nake roƙo su zo Maigatari su ɗauki darasi. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa don maganin fasa-ƙwauri. A watan Nuwamba aka ƙara da hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wa ya sha wuya? Mai kiwon da ya saba kawo shanu da raƙuma daga Damagaram, da ɗan acaɓa, da manomin da ke kai riɗi kasuwa daga Gagarawa ko Sule Tankarkar. Ɗan fasa-ƙwauri kuwa ya san kowace ɓarauniyar hanya a cikin daji, kuma tsadar kaya riba ce gare shi. Sai a ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe Maigatari tare da Illela da Seme da Mfum.

Taba ma haka take. Afirka ta Kudu ta hana sayar da sigari daga Maris zuwa Agusta na 2020, lokacin annobar korona. Mashaya da yawa suka koma kasuwar bayan fage, daga baya kotu ta ce hanin ya saɓa wa tsarin mulki. Ƙasar da ke da iyaka irin tamu, in ta yi haka, cin hanci kawai za ta ƙara wa kasuwa.

Abin takaicin shi ne, dokar da muke da ita ma ba mu riƙe ta ba. Ku leƙa teburin kowane mai tireda a tashar Gumel, za ku ga ana sayar da kara ɗaya, har a aiki yaro ya sayo. Hukumar da ta kasa kare yaro a tasha, da wane ido za ta leƙa ɗakin baligi? Dokar da ba a aiki da ita tana koya wa jama'a raina doka, kuma wannan cuta ta fi tari wuyar magani.

Ya ku 'yan'uwana, gobe ku ne za ku zauna a ofisoshin ƙananan hukumomin nan huɗu da sakatariyar Dutse. Duk ranar da aka kawo muku takardar hana wani abu, ku tambayi kanku abu uku. Wa abin yake cutarwa, mai yinsa ko maƙwabcinsa? Muna da halin zartar da hanin a kan babba da yaro daidai wa daida? Wa zai ci riba idan abin ya koma ɓoye? Sa'an nan ku duba aljihunku, kada mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Mashayin taba kuwa, nasiha ce haƙƙinsa a kanmu, da taimako idan ya yi niyyar bari. Haƙƙinmu a kansa shi ne ya fita da hayaƙinsa waje. Da magidancin nan ya haƙura har muka sauka a Maigatari, da babu mai ce masa uffan.