Jawabi Kan Tsohuwar Hanyar Kukawa Zuwa Tarabulus

 

Jama'a, mu fatake ne 'ya'yan fatake, don haka zancenmu na yau na hanya ne. A shekarar 1906 wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda muka sani da Ɗan Hausa, mai gidan nan na tarihi a Kano, ya taso daga Tarabulus ya ratsa Sahara har Kukawa ta Barno. Cikin ayarinsa akwai alhazai masu dawowa daga Makka da 'yantattun bayi masu neman gida.

Bayan shekara 95, wato a 2001, wani tsohon Di'o na Arewa, John Hare, ya ce sai ya bi sawunsa. Ya tashi daga Kukawa da raƙuma, ya bi ta Balma mai gishiri, ya wuce Murzuk, ya nufi Tarabulus. Tafiya ce ta kusan mil 1,500, ta ci masa fiye da wata uku. A wannan hanya rijiya ita ce rai. In madugu ya kuskure ta, ko aka tarar rairayi ya binne ta, to sai dai Inna lillahi. Matafiyan dā sun ba da labarin ƙasusuwan bayin da ƙishirwa ta kashe a bakin rijiyoyin.

To, ga abin lura. Su waɗannan Turawa an san sunayensu ne domin sun rubuta. Madugan da suka nuna masu hanya fa? Yawanci sun tafi da sunayensu. Amma ku dubi Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi Barth ta wannan hanya a 1855 har Landan. Da yake an zauna da shi an rubuta labarinsa da Hausa, har gobe ana karanta shi.

Mu ma muna da tamu hanyar. Kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kakanninmu da ƙafa da jakuna suke zuwa Gwanja sayo goro, su yi watanni, ga 'yan fashi, ga ƙetare Kwara. Daga baya wasu suka gangaro Kurmi, shi ya sa yau muke zaune a nan. Tsofaffin da suka ji wannan daga bakin iyayensu kullum raguwa suke yi.

Shawararmu ita ce ƙungiya ta sa ɗalibanmu su bi su gida gida, su rubuta sunan kowane zango, da boko ko da ajami, kafin ƙasa ta rufe idon masu sani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.