Riƙon Zuciya A Ƙasar Baƙunci



Maganata a yau a kan fushi take, da yadda mutum zai gane tasowarsa tun bai kai ga hannu ba. Tun 1916 aka kafa unguwar Sabo ta Ibadan, kuma amana ce ta zaunar da kakanninmu a cikinta. Falken shanu yakan damƙa dukiyarsa ga maigida ba tare da takarda ba, don an san halinsa. Wannan suna shi ne jarinmu, fushin sa'a guda kuwa yana iya ƙone shi ƙurmus.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana cikin littafinsa Ihya'u cewa aiki hawa-hawa yake zuwa. Da fari tunani yakan gilma a zuci, sai rai ya karkata gare shi, sai a ƙudura, sa'an nan gaɓɓai su aikata. Ba a kama bawa da abin da ya gilma, amma ƙuduri nasa ne. Ashe ke nan tsakanin jin zafi da ɗaga hannu akwai ɗan fili, a nan mai hankali yake tsayawa.

Ku tuna da kasuwar Shasha a Fabrairun 2021. Cacar baki ce a kan kayan da suka zube a ƙofar wani shago, ta kai ga rasa rai, ta ƙare da ƙone kasuwa. Haka kuma rikicin Shagamu na Yulin 1999 bai tsaya nan ba, sai da aka yi ramuwa a Kano a kan waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba.

To, ina mafita? Abu na farko, Manzon Allah (S.A.W.) ya hori mai fushi da ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, ya kuma yi alwala. Na biyu, Suratul Hujurati ta umurce mu da bin diddigin labari. Saboda haka kada ɗayanmu ya tura abin da ya gani a WhatsApp zuwa gida sai ya tabbatar. Na uku, mu lura da yadda muke faɗa wa kanmu magana. Wanda ya ce "wani mutum ya zage ni" yana da abokin faɗa ɗaya. Wanda ya ce "Yarabawa sun zage mu" ya ɗauki gaba da gari guda, har da maƙwabcin da ke sayen albasarsa kullum.

Haƙuri dai ba tsoro ba ne. Wanda aka zalunta ya kai kukansa ga Sarkin Hausawa, ko shugabannin kasuwa, ko hukuma, ya nemi hakkinsa da sanyin rai. Da-na-sani ƙeya ce, kullum a baya take.

Allah ya ba mu ikon mallakar zukatanmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.