Wanda ya ce a'a, mi ya same shi?

'Yan uwana matasan Gure, 'yan fada maza da mata, na gode da kuka zo.

Yau kowa na maganar 'yancin ƙasa. Madalla. Ni dai ina so mu tuna ranar 28 ga Satumba 1958, ranar da Janar Dagol ya tambayi ƙasashen da Faransa ke mulka: za ku zauna cikin tarayyarmu, ko za ku fita? Jibo Bakari, shugaban gwamnatin Nijar a lokacin, da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a jefa "a'a". Hujjarsu guda ce: wanda ba shi da ikon yanke shawara kan dukiyarsa, bai mallake ta ba. Masu "i" suka ce ƙasar ba ta da teku, ba ta da ma'aikata, ba za ta iya ba. Faransa ta turo gwamna Kolombani, "i" ta ci, Gine kaɗai ta ce a'a. A 1959 aka haramta Sawaba, magoya bayanta suka sha kurkuku da gudun hijira.

Ku dubi Sikotland, wadda ke cikin tarayyar Birtaniya. Ranar 18 ga Satumba 2014 su ma an tambaye su ko za su ɓalle. Sun yi gardama kan man fetur na tekunsu, da kuɗin da za su riƙa kashewa, da fansho na tsofaffi. Masu son ɓallewa suka samu kashi 45 cikin ɗari, suka faɗi. Ba wanda aka ɗaure. Shekara ta zagayo, jam'iyyarsu ta kwashe kujeru 56 cikin 59 na yankin a majalisar Landan.

To ga abin da nake nufi. Sojojin Faransa sun tafi tun Disamba 2023. Amma a Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da muka zaɓa, aka naɗa wakilai. Harajin kasuwar dabbobi, kuɗin yaƙi da rairayin da ke cinye kwarurrukanmu, wa za mu tambaya yadda aka kashe su?

Kai ɗan fada, ke ɗaliba, ku je ma'aikatar magajin gari cikin ladabi ku nemi a nuna muku kasafin kuɗin bana. Ku tambayi ranar zaɓe. In wani ya ce a'a a fadarku, ku bar shi ya ƙare maganarsa, ku zuba mishi shayi.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya.