Rinin da Ya Nuna Cutar Alzheimer a Ƙwaƙwalwar Mai Rai

 

A yau zan yi magana ne a kan wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, William Klunk na Jami'ar Pittsburgh, da abokin aikinsa Chester Mathis, masanin harhaɗa sinadarai. Mutum biyu ne da suka kafe a kan tambaya ɗaya tak sama da shekara goma: shin za a iya ganin cutar Alzheimer a cikin kan mutum tun yana raye?

Don mu ji nauyin tambayar, sai mun koma Jamus. A shekarar 1901 aka kai wata mata 'yar shekara 51 asibitin masu taɓin hankali a Frankfurt. Tana manta abin da aka gaya mata yanzu-yanzu, tana ɓata a cikin gidanta, tana zargin mijinta ba gaira ba dalili. Likitan da ya duba ta shi ne Alois Alzheimer. Da ta rasu a 1906, ya yanka ƙwaƙwalwarta falle-falle, ya sa a madubin likita, sai ya ga abu biyu: wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zaruruwa da suka sarƙe a cikin ƙwayoyin kansu. A 1984 ne George Glenner da Caine Wong suka gano furotin ɗin da ke taruwa ya zama dunƙule-dunƙulen nan, wanda ake kira amiloyid. To amma kusan shekara ɗari bayan Alzheimer, likita ba ya iya tabbatar da cutar sai majinyaci ya mutu an buɗe kansa. Kafin nan sai dai kirdado. Na'urar CT da ta MRI suna nuna ƙwaƙwalwa ta motse, amma motsewa alama ce ta ɓarnar da ta riga ta auku, kuma cututtuka da dama kan jawo ta.

Klunk ya faro ne daga rini. Masu binciken gawa sun daɗe da sanin cewa akwai rinin da ke kama amiloyid ya bar sauran nama, kamar yadda shuni ke kama zane a marina ya bar wurin da aka ɗaure. Ɗaya daga ciki jan rini ne da ake kira Congo red, wanda asalinsa na tufafi ne, ɗayan kuma thioflavin T. Matsalar ita ce Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa shinge tsakaninta da jini, ba kowane sinadari ke tsallakawa ba. Rinin yana aiki a yankan nama a kan gilashi, amma idan aka zuba shi a jijiya ba ya shiga ƙwaƙwalwa yadda ake so.

Nan ne aikin ya yi tsawo. Abin da ake nema sinadari ne mai halaye huɗu a lokaci guda. Ya tsallake shingen nan da sauri, ya manne wa amiloyid kam, ya fice daga lafiyayyen nama ba tare da ɓata lokaci ba, sannan ya yarda a liƙa masa ƙwayar da ke fitar da haske mai ratsa jiki don na'urar ɗaukar hoto ta PET ta hango shi. Sai a samu wanda ya cika sharaɗi biyu ya faɗi a na uku. A sauya masa ƙwaya ɗaya, a gwada a ɓera, a sake. Haka suka yi ta gwada sinadarai barkatai, shekara na bin shekara, babu wani sakamakon da za a kai wa 'yan jarida. A ƙarshe suka koma kan thioflavin T, suka cire masa cajin lantarkin da ke hana shi ratsa shingen, suka samu abin da ake kira PiB.

An fara gwada shi a jikin ɗan Adam a Fabrairun 2002 a Uppsala ta ƙasar Suwidin, tare da masana irin su Agneta Nordberg da Bengt Långström. An yi wa wata majinyaciya allura a hannu, aka kwantar da ita a na'ura. Da hoto ya fito, sassan gaba da gefen ƙwaƙwalwa sun haska, wato inda masu binciken gawa suka saba tarar da amiloyid. A 2004 aka wallafa sakamakon, na majinyata 16 da masu lafiya 9, bambancin kuwa a fili yake.

PiB yana da nasa cikas. Kabon-11 da ake liƙa masa rabinsa kan ƙare cikin minti 20, don haka dole injin da ke sarrafa shi ya kasance kusa da ɗakin ɗaukar hoto. Shi ya sa aka koma ga fulorin-18 mai minti 110, kuma a 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinsa na farko.

Abin da hoton ya tona ya fi abin da aka je nema. An tarar da tsofaffi masu cikakken hankali, kusan ɗaya cikin huɗu ko fiye, da amiloyid a kansu. Aka kuma gane cewa yana fara taruwa shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin mantuwa ta bayyana. Ashe cutar ta daɗe tana aiki a ɓoye kafin iyali su lura. Har yau masana na jayayya a kan ko amiloyid shi ne tushen cutar ko ɗaya ne daga cikin masu laifi. Maganin lecanemab, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, yana kwashe amiloyid sosai, amma a gwaji ya rage saurin taɓarɓarewa ne da kashi 27 cikin ɗari a wata 18, kuma yana iya jawo kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa. A ganina ci gaba ne na gaske, amma duk wanda ya kira shi waraka ya zalunci iyalan majinyata.

Mu fa, ina ruwanmu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Kuma ba dole abin da aka gani a Pittsburgh ya zama daidai da namu ba. Binciken da marigayi Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi suka yi da Hugh Hendrie, suna kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na Indianapolis, ya nuna a 2001 cewa sabbin kamuwa a Ibadan ba su kai rabin na can ba. Wata ƙwayar gado da ake kira APOE4, mai ƙara haɗari ga Turawa, ba ta nuna irin wannan ƙarfi a Ibadan ba. Wannan tambaya tana jiran ɗalibanmu su yi ta a kan tsofaffin ƙasar Hausa. Yanzu da aka fara samun gwajin jini mai nuna alamun cutar, ba sai mun jira na'urar PET kafin mu fara ba.

Iyayenmu da ke wannan zaure, ga roƙona. Idan tsohuwa ta fara tambayar mijinta da ya rasu shekaru da yawa, ko ta sake alwala sau uku don ta manta ta yi, kada a tsaya a kan cewa gigin tsufa ne, balle a jingina mata maita ko a ce sammu aka yi mata. A kai ta asibiti. Wani ruɗanin daga hawan jini ne da ƙananan shanyewar jiki, wani daga ƙarancin bitamin B12 ko ciwon maƙoƙo, wani jini ne ya taru a kai bayan faɗuwa, wanda hoton CT ke nunawa a yi aiki a cire. Waɗannan ana iya yin wani abu a kansu. Ku kuma da kuka haura arba'in, ku riƙa auna jininku da sukarinku, domin hawan jini da ciwon suga suna cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin mantuwa a tsufa.