Roba Mai Warkar da Kanta: Darasi Ga Masu Gadon Bakolori



Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kan wannan tsaga zan yi magana yau.

Masana sun ƙera wani irin butum-butumi mai laushin jiki, wanda yatsunsa na roba ne, iska ake hura musu su lanƙwashe su kama abu. Irin wannan hannu yana iya tsinkar nunannen tumatir ba tare da ya fasa shi ba. Amma fa ƙaya ɗaya ta isa ta kashe shi, domin da ta huda shi iskar sai ta fice.

A 2017 masu bincike na wata jami'a a Burasal, ƙasar Beljiyam, suka nuna maganin haka. Sun yi yatsun da wata roba wadda ƙullin sinadarinta ke kwancewa in ta ji zafi, ya sake ƙulluwa in ta huce. Suka yanke ta da wuƙa, suka ɗumama ta a zafin digiri 80 na kamar minti 40, sai raunin ya haɗe. Har ma ana iya narkar da ita a sake ƙera wata gaɓar dabam. A Holan kuma, Henk Jonkers ya cuɗa ƙwayoyin bakteriya cikin kankare, waɗanda in ruwa ya shiga tsaga sai su farka su toshe ta da farar ƙasa.

To, ina ruwanmu? A 1978 aka gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, da nufin shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Manoma sun rasa gonakin gado dominta, wasu ma suka rasa rayukansu a Afrilun 1980. Bayan wannan tsada duka, magudanai suka tsattsage, yashi da ciyawa suka cike su, sai da aka nemo rancen Bankin Duniya a 2014 don gyara.

Ƙaramar tsaga da aka ƙyale ita ce ta zama babban bashi. Ku da za ku riƙe ofisoshi gobe, kada ku sa hannu a kan aikin da ba a ware masa kuɗin gyara ba. Ku masu karatun kimiyya, ku gwada irin wannan kankare a zafin ƙasarmu. Kafin kayanmu su iya warkar da kansu, mu ne masu jinyarsu.